Wanda ya kalli Sholay a waya, ya kalle shi ko labarinsa ya ji?

Malam Garba, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da farko ina miƙa godiya ga yaran nan da suka shirya mana kallon fina-finan Amitabh Bachchan na kwana 3, domin tun da gidajen sinimar da muka sani a garin nan na Kaduna suka mutu ban ƙara zama cikin jama'a ina kallon fim a babban allo ba sai wannan karo. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, an nuna Deewaar ranar Juma'a, Sholay ranar Asabar, aka rufe da Coolie ranar Lahadi, a wani zaure da suka kama haya kusa da titin Ahmadu Bello. Sun ce sun ɗauko dabarar ne daga abin da aka yi a Indiya a watan Oktoba na 2022, lokacin da jarumin ya cika shekara 80, inda aka sake haska fina-finansa 11 a birane 17. Namu dai ƙarami ne, amma ya isa ya tabbatar mini da wata magana da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, kuma yau zan faɗe ta ko da za a ce rikicin tsufa ne: duk wanda ya kalli Sholay a waya ko a talabijin ɗin falo bai kalli Sholay ba, labarinsa kawai ya ji.

Dalilina shi ne an yanka fim ɗin ne daidai jikin babban allo, kamar yadda tela yake yanka riga daidai mai ita. Ku tuna wurin da aka fara nuna Gabbar Singh, bos ɗin fim ɗin, inda ba a nuna fuskarsa tukuna sai takalmansa suna kai da kawowa a kan dutse, yaransa 3 suna tsaye sun sunkuyar da kai. Ranar Asabar da aka zo wurin nan zauren ya yi tsit har ana jin kukan fanka, kuma kowane taku sai ka ji shi a ƙirjinka. Jikana da na je da shi, wanda ya sha gaya mini cewa ya haddace fim ɗin a wayarsa, sai na ji ya damƙe mini hannun riga bai ma sani ba. A waya Gabbar bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ban ga yadda mutum zai ji tsoron abin da zai iya rufewa da babban yatsansa ba, ko ya tsayar da shi domin ya amsa kiran wani. Duwatsun Ramanagara da aka ɗauki fim ɗin a cikinsu, da jirgin ƙasan da 'yan fashi suka bi a kan dawaki tun a farko, duk faɗi suke nema, kuma faɗin nan shi ne rabin labarin.

Aminu, Rigasa:

Baba Garba, Allah Ya ƙara lafiya. Ina cikin waɗanda suka zo ranar Asabar, kuma ba zan yi musun cewa na ji daɗi ba, amma hukuncin nan naku ya yi tsauri, domin idan aka bi shi to kusan duk 'yan zamaninmu ba mu taɓa kallon fim ba ke nan. Ni na kalli Sholay sau 4 kafin wannan rana, biyu daga ciki da fassarar Hausa, kuma abin da na lura da shi a zauren shi ne waɗanda suke yin dariya a daidai wurin dariya mu ne masu kallo a waya, saboda mun san abin da ake faɗa, alhali wasu dattawa sai sun ji mun fashe sannan su biyo baya. A Indiya ma ai maganganun da Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta su ne mutane suka haddace, har aka riƙa sayar da faifan zantukan fim ɗin daban da na waƙoƙinsa. Surutun Basanti mai keken doki, da wurin da Jai, wato Amitabh, ya je nema wa abokinsa Veeru aure ya yi ta jero aibobinsa wai da sunan yabo, duk a baki daɗinsu yake. Saboda haka ina tambaya cikin ladabi, a lokacin da kuka kalle shi a shekarun 1970 kuna jin Indiyanci ne? Idan ba ku ji, to tsakanin wanda ya ga hoto babba bai ji magana ba da wanda ya ji magana ya ga hoto ƙarami, wane ne ya fi kusa da mai jin labari kawai?

Malam Garba:

Aminu ɗana, tambayarka a kan hanya take, kuma amsarta ita ce da farko ba ma ji. Sai dai ka sani cewa mu ba sau ɗaya muke kallon fim ba. Idan ya karɓu sai mutum ya koma masa sau 6 ko 7, kuma a kowane benci ba a rasa wani gwani da yake fassara wa na kusa da shi, wani lokaci daidai, wani lokaci shaci-faɗi, har a yi ta gardama a hanyar komawa gida. A haka da yawa daga cikinmu suka tsinci Indiyancin da suke ji har yau, a haka kuma muka raɗa wa jaruman sunayen kanmu, kamar yadda Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Amma batun fassarar da kake taƙama da ita, a nan ne ma ka ƙarfafa mini gwiwa. Dukiyar Amita, wato Amitabh, ta farko muryarsa ce, domin a 1969 an ɗauke shi ya ba da labari da murya kaɗai a wani fim tun duniya ba ta san fuskarsa ba. Fassarar da kuke kallo ta cire wannan murya ta ɗora ta wani yaro, sannan a cusa wa bos barkwancin 'yan tasha wanda marubutan ba su taɓa mafarkinsa ba. To idan an rage hoton ya koma kamar akwatin ashana, aka kuma sauya muryar, me ya saura na Amita a hannunka ban da tsawonsa?

Hajiya Binta, Unguwar Rimi:

Malam Garba, na yi niyyar in yi shiru in saurara, amma maganar ta biyo ta ƙofar gidana, dole in fito. Ni ma na je ranar Lahadi tare da 'yata, kuma wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na zauna a wurin da za a kira sinima, alhali a garin nan aka haife ni kuma na haura shekara 60. Kai ka san dalili, domin a zamanin da kake yabo sinima wurin maza ne, kuma yarinyar da aka gani ko a bakin ƙofarta sunanta ya ɓaci ke nan, har maganar aurenta tana iya rushewa. Iyayenmu ba su yarda ba, malamai ba su yarda ba, ku kanku masu zuwa ba za ku yarda a ce an ga ƙanwarku a can ba.

Mu ta talabijin muka san Amita, tun tana baƙi da fari, sannan da bidiyo ya shigo a shekarun 1980 sai muka samu yadda muke so. A layinmu gida ɗaya ne yake da bidiyo, kuma idan aka karɓo kaset haya sai a aika yara su zaga gida-gida, bayan la'asar matan layi su cika falon har bakin ƙofa, mai goyo da goyonta, mai tsifar kai da matsefinta. Hoton yakan yi rawa, a dakata a goge kan bidiyon, a ci gaba. A wannan falo na ga wurin da Radha take bin fitilun baranda tana kashewa ɗaya bayan ɗaya, sanye da fararen kayan matar da mijinta ya mutu, shi kuma Jai yana zaune daga nesa yana busa, babu wanda ya ce wa wani uffan. A cikinmu akwai wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, kuma ita ce ta fara kuka, saura muka taya ta. Ina zargin cewa a daidai wannan wuri ku maza kuna can kuna cinikin gyaɗa da rake kuna jiran a dawo faɗa, Allah Ya sa ban ɗauki alhakinku ba.

Saboda haka idan ka ce wanda ya kalla a falo labari kawai ya ji, ka kori rabin mutanen Kaduna daga kallon da suka yi da idonsu, kuma rabin da aka hana shiga tun farko ne ka sake kora. Ka kuma tuna cewa yaran da suka taso suka kafa sana'ar fim ɗin Hausa daga 1990, da yawansu a irin wannan falo suka sha fina-finan Indiya a gefen iyayensu mata, kuma ba za a ce abin da ya shige su har ya fito a aikinsu jita-jita ba ce.

Alhaji Sani, Kawo:

Hajiya, maganarki tana da nauyi, kuma babu mai musun cewa an tauye mata a wancan lokaci. Sai dai ina ganin zuwanki ranar Lahadi shaida ce ga Malam Garba, domin Coolie yana nan a intanet kyauta, kuma kin san ƙarshensa tun shekaru aru-aru, amma duk da haka kika biya kuɗin tikiti biyu, kika ratso cunkoson yamma, kika zauna kusan awa 3 a kan kujerar roba. Da kallon falo ya gamsar da ke ɗari bisa ɗari, me kika je nema?

Malam Isa, Kabala:

Jama'a, ku ba ni dama in sa baki, domin abin da kuke gardama a kai sana'ata ce. Na yi shekara 11 ina haska fim a ɗaya daga cikin gidajen sinimar garin nan, kuma akwai yiwuwar Sholay ɗin da Malam Garba ya fara gani ta hannuna ya wuce. Ina jin kunyar rushe masa ginin da ya yi, amma gaskiya ɗaya ce, abin da muke nuna muku a lokacin bai kai cikar da kake tunawa ba.

Ga yadda aikin yake. Fim yana zuwa ne a naɗe cikin gwangwanaye, kowane naɗi bai wuce minti 20 ba, don haka fim irin Sholay da ya haura awa 3 yakan kai naɗi 10. Injuna biyu muke da su a ɗakin sama, ɗaya yana aiki ɗaya yana jira, kuma idan naɗi ya kusa ƙarewa wani ɗan ɗigo yakan bayyana a kusurwar sama ta dama, shi ne alamar in tayar da na biyu. Hasken kuwa daga sandunan kabon biyu yake fitowa, suna ci suna ƙarewa, dole ka riƙa matso da su, in ka yi gyangyaɗi hoton ya dushe jama'a su fara zagin iyayenka daga ƙasa. Kwarori ne suke shigo da fina-finan Indiya ƙasar nan tun shekarun 1950, kuma kwafin da yake iso mana ya riga ya sha yawo a garuruwa, ya karce har ka ga kamar ruwan sama ake yi a cikin hoton. Duk inda ya tsinke sai mu yanke wurin da ya lalace mu liƙa, wanda ya karɓa bayanmu shi ma ya yanke nasa, a haka fim yake ramewa yana tafiya. Zan kuma faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba: da yake gidan babu rufi, idan hadari ya haɗo ko dare ya yi nisa, mukan tsallake waƙa, wani lokaci ma naɗi guda, kuma ba kasafai ake gane mu ba.

Sholay ya yi suna da cewa an fitar da shi a faifai mai faɗin milimita 70 da sauti mai fitowa ta ɓangarori, amma wannan a wasu manyan gidaje ƙalilan ne na Indiya. Mu mai milimita 35 muke haskawa, da lasifika a bayan allo wadda iska take kwashe rabin abin da take faɗa. Sannan ko waɗanda suka yi layi a gidan Minerva na Bombay, inda fim ɗin ya shekara 5 ana nuna shi, ba su ga ƙarshen da darakta Ramesh Sippy ya ɗauka da farko ba. A nasa tsarin, Thakur, wanda Gabbar ya sare wa hannuwa biyu, shi ne yake kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace fina-finai ta ƙi amincewa, a lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, aka sake ɗauka inda 'yan sanda suke isowa su kama shi. Kwafin da aka gyara aka mayar masa da ƙarshensa na asali an haska shi a birnin Bolonya na Italiya a watan Yuni na 2025, shekara 50 bayan fitowar fim ɗin. Ka ga ke nan idan cika ake nema, Aminu yana da damar ganin abin da ni da kai ba mu gani ba a sinima.

Abu na ƙarshe, ranar Asabar sai da na zaga bayan zauren domin in ga injin da yaran suke aiki da shi, don mai hali ba ya fasa halinsa. Ban tarar da gwangwani ko ɗaya ba, ƙaramar kwamfuta ce a kan tebur aka jona ta da na'urar haskawa. Sholay ɗin da ya sa jikanka ya damƙe maka riga, Malam Garba, irin wanda yake cikin wayar Aminu ne, hura shi kawai aka yi.

Aminu:

Baba Isa, Allah Ya saka da alheri, domin kun faɗi abin da bakina ya yi ƙanƙanta ya faɗa. Amma domin adalci zan amsa wa Baba Garba abu ɗaya, cewa a maganar murya ya kama ni. Ranar Asabar ce na fara jin muryar Amjad Khan ta gaskiya da ƙarfinta a bakin Gabbar, kuma da na koma gida na kunna mai fassarar sai na kasa kai shi ƙarshe.

Malam Garba:

Malam Isa, ashe kai ne, to Allah Ya yafe mana baki ɗaya, har da zagin da muka aika maka sama. Na karɓi gyaranka a kan faifai da milimita, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba zan yi jayayya da mai sana'a a kan sana'arsa ba. Hajiya Binta kuma, maganarki ta sa na ji kunya, domin gaskiya ne ina da ƙanne mata 3 kuma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini a rai in tambayi kaina inda suke kallo ba. Amma ban janye gaba ɗaya ba, sai dai in gyara inda na sa ƙafa.

Na yi shekara 22 a masaƙa a Kakuri. Idan aka tashi aikin rana, da ƙurar auduga a gashinmu muke tafiya kallo, Bahaushe da Bayarabe da Tibi da mutanen kudancin Kaduna a benci guda. Mutumin da muke gani a allo kuwa ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa a Deewaar, mai ɗaukar kayan fasinja ne a tashar jirgin ƙasa a Coolie, wato lebura ne mai lamba a hannu kamar yadda muke da lamba a katin aiki. A Deewaar, wurin da ya kulle ƙofar sito ya jefa wa shugaban masu karɓar kuɗin ƙarfi daga hannun leburori makullin sannan ya fuskance su, ihun da muke yi ba na nishaɗi ba ne kawai, kowa yana da wani manaja ko wani foman da yake tunawa. Wannan ihu na mutum ɗari biyar a lokaci guda shi ne ba ya shiga waya.

Ranar Lahadi na sake ganin irinsa ta wata fuska. Kun san a watan Yuli na 1982 Amita ya ji mummunan rauni a ciki wajen ɗaukar wani faɗa na Coolie a Bangalo, har aka fid da rai da shi, kuma da fim ɗin ya fito a 1983 darakta Manmohan Desai ya tsayar da hoton a daidai wannan naushi aka rubuta cewa a nan ne abin ya faru, ya kuma sauya ƙarshen labarin domin kada jarumin ya mutu. Da hoton ya tsaya cak a zauren, sai wani dattijo daga baya, wanda ban san shi ba, ya ce Allah Sarki, da irin muryar da ake yi wa ɗan'uwa jaje, kuma sai na ji mutane da yawa sun amsa da ajiyar zuciya. Amita yana raye, ya haura 80, raunin ya warke fiye da shekara 40, amma a wannan daƙiƙa dukkanmu mun koma 1983. Don haka ga maganata a gyare: wanda ya kalli fina-finan nan shi kaɗai, kunnuwansa a toshe da waya, ya ga fim amma bai halarci kallo ba.

Malama Zainab, Malali:

Baba Garba, da izininku, ina ganin kun bar maganarku ta farko kun koma wata, domin da farko girman allo kuka kafa hujja da shi, yanzu kuma kun koma kan jama'a. Idan jama'a ce ma'auni, to falon da Hajiya Binta da matan layi suka cika ya cika sharaɗi, kuma ɗakin kwanan ɗalibai inda mutum 8 suke haɗa kai a kan waya ɗaya shi ma ya cika. Abin da ya rage a wajen da'irar shi ne mai kallo shi kaɗai, kuma ko shi ban yarda a ce bai kalla ba, tunda mai karanta littafi ma shi kaɗai yake karantawa.

Ni abin da ya tsaya mini a rai a kwanakin nan 3 daban ne, amma yana cikin wannan gardama. Mun samu damar yin musu a kan allo da waya ne saboda fina-finan suna nan, kuma suna nan ne saboda wasu sun ɗauki adana su aiki. Gidauniyar Film Heritage Foundation da ta shirya bikin 2022 an kafa ta ne a 2014 domin ceto tsofaffin fina-finai, kuma Indiyawan ma sun yi asara kafin su farga, domin fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na 1931, ya ɓace babu kwafinsa. Mu kuma fa? Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya salwanta, sai a 2016 aka tsinci naɗe-naɗensa a ɗakin ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ɗalibaina na Hausa sun karanta littafin, amma da wuya ka samu ɗaya a aji da ya ga fim ɗin, ko a allo ko a waya. Marigayi Kasimu Yero ya rasu a 2017, marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, ya rasu a 2023, dukkansu a garin nan suka yi suna. Idan yaran nan suka ce za su ware wa ɗayansu kwana 3 kamar yadda suka yi wa Amita, da wane kwafi za su haska, kuma a hannun wa yake?

Hajiya Binta:

Zainab 'yata, kin ɗauke mini rabin amsar da zan ba Alhaji Sani. Ragowar rabin kuma ita ce, na je ne domin in ga wurin da aka hana ni, in kuma ga ko akwai abin da na rasa. Zan faɗi gaskiya, akwai ɗan abin da na samu. Na kalli Coolie a kaset ba adadi, ina ganin wani ƙarfe a damtsen Amita, amma sai ranar Lahadi na karanta abin da ke jikinsa da idona, wato 786, lambar da Musulmin Indiya suke ɗauka a madadin Bisimilla ta hanyar hisabi. A kaset ɗinmu wani farin tabo ne kawai. To wannan na yarda allo ya ba ni. Amma kukan da muka yi a falo bai jira lamba ba, kuma ba zan karɓi a ce sai yanzu na fara kallo ba. Game da su Samanja kuwa, akwai kaset-kaset cike da kwali a ɗakin ajiyata da maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya riƙa naɗa daga talabijin, ban san ko suna da sauran rai ba.

Malam Isa:

Hajiya, kada ki bari kowa ya sa su a bidiyo kafin a duba, domin kaset ɗin da ya shekara 30 a kwali yakan yi fumfuna, kuma idan aka kunna shi a haka zaren yana iya mannewa ya tsinke, a rasa shi a ranar da aka so ceto shi. A fitar da su daga inda zafi da laima suke, a jera su a tsaye kamar littattafai, a leƙa ta gilashin kowanne a ga ko akwai fari-fari a jikin zaren, sannan a nemi mai na'urar juyawa zuwa kwamfuta ya fara da waɗanda suke da tsabta. Faifan sinima shi ma haka yake mutuwa, sai dai shi da wari yake sanarwa, idan ka buɗe gwangwani ka ji tsami ya bugi hancinka to ya fara ruɓewa. Idan kin amince, ni da Aminu za mu zo ranar Asabar bayan azahar mu duba kwalin, ni ina da ido, shi yana da kwamfuta.

Malam Garba:

Malama Zainab, na ji, kuma ban ce kin yi kuskure ba, amma ina nan a kan cewa tsakanin mai kallo cikin jama'a da mai kallo shi kaɗai akwai tazarar da ba ta cikewa, sai dai mu bar ta a haka kowa ya riƙe nasa. Ranar Asabar ku biyo ta Tudun Wada ku ɗauke ni, domin ina so in ga abin da ke cikin kwalin nan. Kafin nan kuma, Malam Isa, akwai bashin da za ka biya ni. Ranar Juma'a a Deewaar na ga wata waƙa ta Shashi Kapoor da budurwarsa wadda ban taɓa gani ba, duk da cewa sau 6 na biya kuɗina na kalli fim ɗin a sinima, har na ce wa jikana yaran nan ne suka ɗauko ta daga wani fim suka liƙa. Wani abokin aikina a Kakuri ya taɓa rantse mini cewa ya ga wannan waƙa a Kano, na ƙaryata shi a gaban mutane, kuma ya rasu ban nemi afuwarsa ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, hadari ne ya haɗo har sau 6, ko kuwa sauri kake yi ka tafi gida?